Wasiƙa kan gidan da za ku haɗa da Yaya

Daga Sakkwato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, ko ruwan randa ɗumi yake yi kafin azahar.

Na ga saƙonka cewa kai da Yaya za ku haɗa kuɗi ku sayi gida a Arkilla, kai ka turo kashi biyu, shi ya kawo ɗaya, a sa sunansa a takarda tunda shi ne a gari. Na yi murna ƙwarai. Amma maganar takardar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka tuna Gwaggo ta Ƙofar Rini, wadda take ba mu fura in mun taso daga makarantar allo? Lokacin da mijinta yake gini, ita ta sayar da shanunta biyu da sarƙar gwal aka sayi kwano da katako. Ina nan tsaye ranar da ta kwance kuɗin daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ba a rubuta ba, ba a kira kowa ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, takarda sunansa kaɗai ta ɗauka, ni kuma lokacin ginin yaro ne. Gidan duka ya shiga gado. Tumunin takaba ta samu, shi ma suka raba da abokiyar zamanta. Mijin nan bai taɓa nufin cutar ta ba, wallahi mutumin kirki ne. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara ɗaga maganar ba, ni ne abin yake ci har yau.

Na san Yaya, ba na zarginsa da komai. Sai dai rai na Allah ne. Yana da ɗiya maza, kuma ka san ɗa namiji yana katange ɗan'uwa daga gado. In ta Allah ta kasance a kansa gida na sunansa, kai ba magaji ba ne, mai da'awa ne, sai ka kawo hujja a gaban alƙali. Da wane ido za ka kalli marayun?

Can Ingila inda kake, hanya biyu ce ta mallakar gida tare. Akwai wadda in ɗaya ya mutu wanda ya rage yake ɗauke gidan gaba ɗaya, ko wasiyya ba ta tsallake wannan. Akwai kuma wadda kowa yake da kasonsa sananne, in ya mutu ya tafi ga magadansa. Ta biyun ce ta yi daidai da addininmu. Don haka ko an sa sunayenku biyu, kada a tsaya nan. A rubuta ƙarara cewa kai kana da biyu cikin uku, Yaya yana da ɗaya, domin sunaye biyu babu bayani ƙofa ce da wani zai iya shigo da waccan ƙa'ida ta farko.

Ɓangaren gwamnati a nan Najeriya gajere ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da muke riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sauya mai shi yana buƙatar amincewar gwamna. Gyara suna daga baya wahala ce da kashe kuɗi, gara a yi shi daidai tun farko.

Akwai abin da zai kwantar maka da hankali, mun karanta shi tare a Risala, littafin fiƙihu. In abokin tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗayan yana da shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan, kamar kai, nasa yana nan ko ya daɗe. Haka kuma in gidan ba ya rabuwa sai da cutarwa, ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Wannan na ƙarshe ku tattauna shi tun yanzu, tunda iyalin Yaya ne za su zauna ciki. Zai riƙa ba ka haya ne, ko gyaran gida zai ɗauka a madadinta?

In kana jin nauyin faɗa masa, bar mini. Ranar Juma'a in an sauko daga masallacin Shehu zan bi ta gidansa, zan fara da ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a rubuta. Kai dai ka adana rasidin duk kuɗin da ka turo, ka aiko mini da hotonsu. Ni zan zama shaida ɗaya, limamin unguwarsu na biyu in ya amince.

Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka kawo mata yaran ta gan su.

Naka amini.