A daina gwada jerin lambobi ɗaya bayan ɗaya

Ranka ya daɗe Edita,

Ɗaliban kwamfuta da yawa a nan Samaru, idan aka ce su fito da lambobin rajistar da suka bayyana a dukkan jeri uku, sai su ɗauki kowace lamba su gwada ta da duk sauran. Jeri biyu masu lamba 10,000 kowanne, gwaji miliyan 100 ke nan, ga wutar da ba ta zama.

Hash, wato lambar da kwamfuta ke lissafowa daga abu don ta gano shi nan take, ya fi sauƙi. A zuba jeri mafi ƙanƙanta cikin set na yaren shirya manhaja Python, wato ma'ajin da ke amfani da hash kuma ba ya maimaita abu. A bi jeri na biyu, duk lambar da aka samu a cikin set ɗin a ajiye ta a sabon set, a watsar da tsohon. Haka za a yi da na uku. Set ɗin ya zama wayam? A tsaya, babu abin da ya haɗa su.

Inda ake tuntuɓe: itareta, wato abin da ke miƙo abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya ake bin ta, kamar ruwan da aka juye daga tulu, bi na biyu ba a samun komai. Sannan kada a ajiye lambar hash kaɗai a ce an gama, domin abubuwa biyu mabambanta kan yi karo. A Python, -1 da -2 hash ɗinsu ɗaya ne. Set yana sake gwada ainihin ƙimar, shi ya sa muka fi amincewa da shi.

Sunaye kuwa, a share sararin gefe a daidaita baƙaƙe tukuna, don kwamfuta ba ta ɗaukar Ƙaura da Kaura a matsayin abu ɗaya.

Wasu malaman kwamfuta,
Samaru, Zariya