Rubutunmu na Hausa yana ɓacewa a intanet don babu kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in kawo kukana. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Ni tsohon ma'aikacin laburare ne a nan Zariya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga katin littattafai ina jera su kanta-kanta har na yi ritaya. Shi ya sa in na ga kaya a zube, ko ba nawa ba ne, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi.

A daminar bara wani maƙwabcina mai noman masara a hanyar Shika ya yi mini sallama bayan la'asar, riƙe da ganyen masara a leda, duk an hudhuda shi kamar rariya. Da ya buɗe tsakiyar karan sai ga kashin tsutsa jibge kamar garin katako. Tsutsar nan ce da ta bayyana a ƙasar nan a 2016 ta hana manoma barci. Nan take na tuna jaridarku ta taɓa buga bayani mai kyau a kanta, da Hausar da kowa zai gane: a yi feshi da sassafe ko da yamma liƙis, a kuma saita bakin famfo cikin mazurarin ganyen inda take ɓoyewa. Har na yanke shafin na ajiye a cikin wani tsohon fayil, amma gara ta riga ni.

Na ce masa kada ya damu, ai komai yana intanet yanzu. Na ɗauko waya na rubuta "maganin tsutsar masara" a Google. Abin da ya fito, rabi Turanci, rabi kuma tallar masu maganin gargajiya na tsutsar ciki. Na shiga shafinku kai tsaye. A sama na ga sassa: Labarai, Siyasa, Wasanni, Nishaɗi, sai wani wai shi "Sauransu". Noma, sana'ar da ke ciyar da yawancin masu karanta ku, ba shi da ƙofa. Na dinga latsa "na gaba, na gaba" ina komawa baya cikin shekaru, data tana zurarewa, har aka kira magariba. Sai washegari na gano shi. Ka san kanun da aka sa masa? "Masana sun yi gargaɗi". Wane masana? Gargaɗi a kan me? Babu masara a kanun, babu tsutsa. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Mutanenmu da yawa cewa suke yi Google bai damu da Hausa ba. Ni ban yarda laifin duka nasa ba ne. Ai tun ƙarshen 2013 ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara. Abin da na fahimta bayan na zauna da yaran da ke wannan aiki shi ne, Google ɗan laburare ne irina, sai dai shi ba ya gajiya kuma ba ya tambayar kowa. Yana da wata manhaja mai yawo da ake kira Googlebot. Ita ke shiga shafi, ta karanta rubutun da ke ciki, ta bi duk mahaɗin da ta tarar zuwa wani shafin, daga nan zuwa wani, tana yi wa kowanne kati. In mutum ya yi tambaya, cikin katunan nan ake duba masa. Shafin da babu wani mahaɗi da ke kaiwa gare shi, da wuya ta san da zamansa. Mu a laburare muna cewa littafin da aka sa a kantar da ba tasa ba ya ɓata, ko da yana cikin ɗakin. Harkar noma lamba 630 ce a tsarin Dewey da muke jera littattafai da shi, ƙwari da cututtukan shuka 632, amfanin gona irin su masara da dawa 633. In yaro ya cusa littafin tsutsa cikin 297 inda littattafan addinin Musulunci suke, to sai ranar da aka yi ƙidayar shekara.

Kai, har dabarar da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a kanta a 1998, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna da malaman jami'a na Samaru. Takardar binciken da wasu masana suka fi ambata ita ce mai daraja. Haka shafin da wasu shafuka masu mutunci suka fi nunawa. An ƙara dabaru da yawa bayan wannan, amma mahaɗi bai daina aiki ba. To ku da kuka rubuta labarin tsutsa sau goma cikin shekara biyar, me ya hana kowane sabon labari ya nuna na baya? Me ya hana a yi shafi guda na masara, a tara iri da taki da ƙwari da farashin buhu a ƙarƙashinsa?

Ba ku kaɗai ba ne, kuma ba daga nesa nake jifa ba, a gidanmu ma an yi. Ɗan ƙanena yana da shagon iri da taki da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari. Ya biya wani yaro kuɗi masu kauri ya buɗe masa shafi. Da na leƙa, abin da ya fara tarbata hoton mai shagon ne cikin babbar riga, ya cika fuskar waya, yana saukowa a hankali kamar ana janye labule. Ƙarƙashinsa jawabin maraba sakin layi huɗu. Kayan sayarwar fa? Hotunan talla ne irin waɗanda ake yi don WhatsApp, an rubuta sunan iri da farashi a jikin hoto, an liƙa. Ga idon mutum rubutu ne, ga manhaja kuwa hoto ne kawai mai suna da jerin lambobi. Na ce masa, kai da ka san ba ka haɗa buhun yuriya da kwalaben feshi da irin tumatir a lungu ɗaya, kai da ka rataye allo a bakin layi don baƙo ya gane ka, yaya ka yarda aka yi maka shago a intanet ba kanta ba allo?

Ya ce, "Baba, ai wani ya ce in ba shi dubu hamsin zai kai ni sahun farko a Google cikin sati ɗaya."

Na ce ya riƙe kuɗinsa. Sahun da ake saye da kuɗi talla ce, kuma Google da kansa yana sa mata alama cewa talla ce. Ranar da kuɗin ya ƙare, ranar za ta sauka. Masu cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi, "taki Zariya taki mai araha taki Kaduna", su ma an daɗe da gano su, ƙasa ake yi da su.

Abin da muka yi ba wani tsafi ba ne. Na sa ya zauna da littafi a shago sati biyu yana rubuta yadda masu saye ke tambaya da bakinsu. Ba wanda ya zo ya ce yana neman "kayan bunƙasa harkar noma". Cewa suke, akwai irin masara mai saurin nuna? Wane magani ke kashe ciyawa a shinkafa? Buhun kamfa nawa? Waɗannan kalmomin muka mayar kanun shafuka. Muka raba gidan gida biyar: masara, shinkafa, waken soya, kayan lambu, sai kayan feshi. Kowane kaya da shafinsa, da rubutu na gaske wanda za a iya kwafa, da hoto ƙarami da aka rubuta wa bayanin abin da ke cikinsa. Muka tabbatar daga shafin farko latsawa biyu ko uku ta kai mutum ga komai. Adireshin shafukan da a da ke ƙarewa da alamar tambaya da lamba, muka sa ya ɗauki sunan kayan. Yaron ya haɗa abin da suke kira taswirar shafi, wato jerin duk adireshin gidan a fayil ɗaya, ya miƙa ta Google Search Console, wanda kyauta ne. Hoton babbar riga kuwa ya koma sashen "Game da mu", mai shi yana ta gunaguni. Ba a ga komai ba a watan farko, ko na biyu. Sai can wajen shuka wani mutum ya zo daga Soba, ya buɗe wayarsa ya nuna shafin irin masara ya ce wannan ya zo saya.

Batun waya kada a raina shi. Tun 2018 Google ya fara auna shafuka da yadda suke fitowa a waya, ba a kwamfuta ba. Masu gina mana shafi kuwa a ofis suke zaune gaban babban allo, ba su taɓa gwada buɗe shi a ƙaramar waya a Kwangila da rana tsaka ba, sabis yana zuwa yana ɗaukewa.

Akwai kuma ciwon da namu ne mu kaɗai, wato rubutun kansa. Wani ya rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa. Wani Zariya, wani Zaria, wani Zazzau. A jarida guda, a rana guda, sai ka ga duka ukun. Na gwada neman abu ɗaya da ƙugiya da kuma babu ƙugiya, abin da ya fito ba iri ɗaya ba ne. Mafi muni tsofaffin rubuce-rubucen da aka buga da haruffan kwamfuta na da, waɗanda suka ari wasu alamomi suka mayar ɗ da ƙ da ɓ. In aka kwafo su aka zuba a intanet ba gyara, sai ka ga alamun rubutu masu kama da baka da sanda a tsakiyar kalma. Mutum zai iya cankar ma'anar, manhaja ba za ta iya ba. Ku zaɓi ƙa'ida ɗaya ku tsaya a kanta; haruffan masu ƙugiya yanzu suna cikin wayar kowa in ya sa allon rubutun Hausa.

Abin da ya fi ci mini rai na bar shi ƙarshe. Duk lokacin da wata kafa ta sabunta shafinta, sai tsofaffin adireshi su mutu. Ka ajiye mahaɗi shekara biyu, ka latsa, sai lamba 404 ta fito, babu shi. Ɗan kasuwa in ya tashi daga rumfa yakan bar takarda a ƙofa, "mun koma layi na gaba". A intanet ma akwai irin wannan takarda, masu aikin suna kiranta 301, tana tura mai neman tsohon wuri zuwa sabo, kuma darajar da tsohon shafin ya tara a wurin Google takan bi shi. Aikin yini ɗaya ne ko biyu ga wanda ya iya. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Tukur-Tukur aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Da hannuna na sha ɗinke tsofaffin jaridu shekara-shekara ina rubuta shekarar a gadon bayansu, ɗalibi ya zo neman ta shekara arba'in baya in ɗauko masa kafin ya gama cike takardar aro. Abin kunya ne a ce labarin shekara huɗu da ke intanet ya fi wannan wahalar samu.

Roƙona, Malam Edita, ka kira yaranka na kwamfuta ku buɗe wa noma ƙofarsa a saman shafi, lafiya ma haka, ku rushe ɗakin shirgin nan na "Sauransu". Mai rubuta kanu kuma ya tuna wanda zai zo nema bayan shekara uku, ya ambaci abin da sunansa. In ma'aikata sun yi ƙaranci, ni ina nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. A turo mini jerin tsofaffin kanun labarai in raba muku su gida-gida, ba na son ko kwabo. Ku dai fara da na tsutsar masara, don maƙwabcina ya riga ya kai taki gona, kuma na san hadari na fara haɗuwa zai sake yi mini sallama da leda a hannu.

Naka,
Tsohon ma'aikacin laburare,
Tudun Wada, Zariya.