Wasiƙa zuwa ga 'yata kan jinyar kakarta bayan mura

Assalamu alaikum.

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara. Na ji daɗi da zazzaɓin kakarki ya sauka, amma kada ki naɗe tabarmar jinya tukuna. Ga wanda ya haura shekara 65, mura mai tsanani da korona da cutar RSV (wata ƙwayar cuta mai kama hanyar numfashi) kan bar ɓarna a zuciya da tsoka, ta ɗauki makonni, wani lokaci watanni, bayan an ce an warke.

Zuciya ce abin dubawa na farko. Idan ƙwayar cutar ta shiga jiki, jini kan yi saurin daskarewa, zuciya ta ƙara aiki alhali iskar da huhu ke ba ta ta ragu. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2018, ya gano cewa haɗarin bugun zuciya kan ninka kusan sau shida a makon farko na mura. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ɗaya, duk na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne. Ki riƙa ɗora ta a sikeli kowace safiya kafin ta karya. In ta ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ƙafafu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, to ruwa ne ke taruwa don zuciya ta gaza. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ana zargin gudan jini.

Sai huhu. Mura kan goge shimfiɗar hanyar iska, ƙwayoyin bakteriya su sami ƙofa. Alamarsa ita ce a ga sauƙi, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo da majina mai kauri. Wannan namoniya ce. Sai dai tsoho ba kullum yake zazzaɓi ba. Wani sa'in abin da za ki gani kawai shi ne ta rikice, ta kira ki da sunan wata, ta yi ta barci da rana. Mutane su ce tsufa ne, alhali rikicewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ciwo ce, kuma in aka bar ta ta daɗe, ƙwaƙwalwa ba lallai ta koma yadda take ba. Ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur tana zaune. In ya kai 25, a ga likita. Na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa in ta nuna ƙasa da 92, haka nan. Ki sani na'urar kan nuna fiye da gaskiya a fata mai duhu, don haka in tana haki kada lambar ta ruɗe ki. Tari kan yi mako 3 zuwa 8, amma in ya wuce mako 2 da rama da zufar dare, a gwada tarin fuka.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kwanciya, domin ita ce ake yi da sunan tausayi. An gwada tsofaffi masu lafiya, kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Daga nan sai jiri, sai faɗuwa, sai karayar ƙugu. Ki zaunar da ita a kujera mai ƙarfi, ta rungume hannu a ƙirji, ta tashi ta zauna sau 5. In ya ɗauke ta fiye da daƙiƙa 15, ƙarfin ya ragu. A maimaita sau biyu a rana, da ɗan tattaki na minti 5, ana ƙarawa a hankali, kina kusa da ita. In ta wayi gari a galabaice bayan motsin jiya, a rage. Masu doguwar korona, wato waɗanda alamun cutar ke daɗewa a jikinsu bayan an warke, haka suke, matsa musu na mayar da su baya. Mura da korona kan ɗauke jin ƙamshi, cin abinci ya ragu. Ki ba ta kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, da abinci mai gina jiki wajen giram ɗaya zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyinta, sai in tana da ciwon ƙoda. Ruwa kuma a miƙa mata, kada a jira ta ce ƙishirwa.

Kada a saya mata ibuprofen ko diclofenac, suna taɓa ƙoda da ciki. Maganin kashe bakteriya ba ya komai ga ƙwayar mura. In ta sake kamuwa, oseltamivir, maganin mura mai tsanani, ya fi aiki cikin awa 48 na farko, Paxlovid na korona cikin kwana 5, amma yana karo da wasu magungunan zuciya, sai likita ya duba.

Idan ta murmure, ki tambayi rigakafin mura na shekara-shekara, da na namoniya, da na RSV da aka fara amincewa da shi a 2023 in ana samu. Wajen mako 6 ki mayar da ita asibiti, ki tafi da duk magungunanta a jaka ɗaya da takardar da kike rubuta nauyinta.

Ki gaishe ta da jiki. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya yi miki albarka.

Mahaifinki