Fankokin Lantarki Da Tsoron Da Ake Yaɗawa A Kansu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ke yawo a wayoyin jama'a, cewa wai manyan fankokin da ake kafawa don samar da wutar lantarki daga iska suna haddasa ciwon daji da taɓin hankali ga masu zama kusa da su. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i a nan Tudun Wada na fara jin zancen, kuma sai da mai faɗin ya ɗaga murya kafin muka ji shi, saboda janareta uku ne ke ruri a layinmu.

Na taɓa ganin irin waɗannan fankoki da idona a Lambar Rimi ta jihar Katsina, inda aka kafa guda 37 da nufin samar da megawat 10, aikin da ya samo asali tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna. Ƙarar da na ji daga nesa ba ta wuce ta iskar hunturu in ta ratsa karan dawa ba. Ba da kunnena kaɗai na dogara ba. A shekarar 2014 ma'aikatar lafiya ta Kanada ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a gidaje fiye da 1,200, kuma ba ta gano alaƙa tsakanin ƙarar fankokin da hawan jini ko rashin barci ba. Abin da ta tabbatar shi ne takura, wadda ke ƙaruwa gwargwadon ƙarfin ƙarar. Haka kuma inuwar fukafukan takan riƙa gilmawa ta taga da hantsi ko da la'asar, abin da ke gundurar masu gida. Maganin duka biyun tazara ce tsakanin fanka da gidajen mutane, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaiciyar ƙarar ta haura desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara).

Inda nake ganin ya kamata mu tsaya mu yi tunani shi ne muhalli da kuma ƙasa. Fukafukan suna kashe tsuntsaye da jemagu, musamman manya masu shawagi irin shaho da ungulu, ga shi kuwa ungulu ta riga ta yi ƙaranci har a mahautanmu. Saboda haka kuskure ne babba a kafa su kusa da wuri irin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai duk shekara. Bayan shekara 20 zuwa 25 kuma fukafukan sukan tsufa, kuma abin da aka ƙera su da shi yana da wuyar sake sarrafawa.

Batun fili ya fi duk waɗannan zafi a wurin talaka. A Kenya an kafa fankoki 365 kusa da tafkin Turkana, amma a 2021 kotu ta yanke hukuncin cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin, wanda makiyaya ke kiwo a cikinsa tun kaka da kakanni. Mu da rikicin gona da burtali ya riga ya ci mana tuwo a ƙwarya, bai kamata mu ƙara wa borno dawaki ba. Muna da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992. Ina kira ga hukumomi da su yi aiki da ita, su zauna da masu unguwanni da manoma da ardo-ardo kafin a haƙa rami ko ɗaya, kuma a biya diyya a kan lokaci.

Masu tsoron fanka kuwa, su leƙa bayan ɗakunansu. Bangon tagar ɗakin da 'ya'yana ke kwana ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin janaretan maƙwabcina, kuma wannan hayaƙin ne, mai ɗauke da gubar da ba ta da launi ko wari, yake kashe iyali guda cikin barci idan aka kunna injin a cikin gida aka rufe ƙofa.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.