Ki Ƙirga Gefe, Ki Duba Kusurwa

Tudun Wada, Zariya

Mamana,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu? Mu nan gida lafiya ƙalau, sai kewarki.

Na ga takardar da kika aiko ta hannun yayanki, inda kike kukan sunayen siffofin lissafi sun cika miki kai, wai da kin haddace wannan sai wancan ya zube. Dariya na yi, ki yafe min. Shekara talatin ina gini a garin nan, ban taɓa zama na haddace su kamar karatun allo ba. Tambaya biyu nake yi wa kowace siffa: gefenta nawa, kuma yaya kusurwoyinta suke?

Fara da alwatika, mai gefe uku. Ko wace iri ce, in kika tara kusurwoyinta uku digiri 180 za ki samu, ba ƙari ba ragi. In gefunan uku tsawonsu ɗaya, kowace kusurwa 60 ce. In biyu ne suka yi daidai, irin fuskar rufin kwanon gidanmu, kusurwoyin ƙasa biyu ma daidai suke. Akwai wadda kowane gefe nasa tsawon daban. Ta fuskar kusurwa kuma, ki nemi babbar cikinsu kawai: ko ta gaza 90, ko 90 ce cif, ko ta wuce. Babu alwatikar da za ta ɗauki 90 har biyu, don sun cinye 180 ɗin ke nan, ba su bar wa ta ukun komai ba.

Mai 90 ɗin nan da ita nake ciyar da ku. In zan fitar da harsashin ɗaki, nakan kafa turke, in ja igiya ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, in auna tsakanin bakinsu. In ya ba ni ƙafa 5, kusurwa ta tsaya, ko sukwaya, ma'aunin kusurwa, ba sai na ɗauko ba.

Inda na san kike rikicewa shi ne masu gefe huɗu, don dangi ne masu kama da juna. Dukansu jimillar kusurwoyinsu 360 ce. Rektangul, kamar ƙofa ko bulo, kusurwoyinsa huɗu duk 90 ne. Rombus gefunansa huɗu tsawo ɗaya, amma yana iya kishingiɗa. Murabba'i ya haɗa biyun, gefuna daidai, kusurwoyi 90. Saboda haka in malaminku ya ce kowane murabba'i rektangul ne, kada ki yi masa musu. Kowane Bazazzagi ɗan Najeriya ne, amma ba kowane ɗan Najeriya ne Bazazzagi ba. Shi kuwa faralelogiram shi ne kakansu, sharaɗinsa kawai gefunan da ke fuskantar juna su tafi a jere, ba su haɗuwa ko an ja su har Kano.

Wannan kakan ya taɓa ba ni kunya. Ina sabon fita daga hannun maigidana, na samu aikin ɗaki a wajen Samaru. Na auna tsawo biyu daidai, faɗi biyu daidai, na ce shi ke nan, na hau jera bulo. Sai da mai tayil ya zo asirina ya tonu: layi ya fara lafiya a bakin ƙofa, kafin ya kai bango sai yanke-yanke. Ɗakin ya kishingiɗa ban sani ba. Da na ja igiya biyu a gicciye, kowace daga lungu zuwa lungun da ke ƙetarensa, na gwada, da na gane, don a rektangul dole igiyoyin biyu su zo daidai. Rabin kuɗin aikina ya tafi a gyara, mahaifiyarki har yau tana min tsiya da shi.

Sauran ba su da wuya. Sunayensu ƙidaya ce da Girkanci: fenta biyar, heksa shida, okta takwas. Duk gefe ɗaya da aka ƙara, jimilla ta ƙaru da 180, shi ya sa mai biyar ke da 540, mai shida 720. Ki tuna saƙar zumar da kawunki ya kawo bara, kowane rami gefe shida ne, kusurwa 120, sun manne babu gurbin banza.

In kin zo hutu, in Allah ya yarda, zan kai ki cikin birni ki ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, ki ɗaga kai ki kalli bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Daga nan mu wuce wurin aikina, ke za ki riƙe tef. Kafin nan ki samu takarda ki yanka alwatika, ki yage kusurwoyinta uku ki jera su baki da baki, ki rubuto min abin da kika gani.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Na ba yayanki kuɗin akwatin kayan lissafin da kika ce, ki tambaye shi kafin ya manta.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki