Sanarwa ga ƴan rukuni: zaman Asabar kan binciken haihuwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata, da fatan an wuni lafiya.

Zamanmu na nan ranar Asabar bayan la'asar, a inda muka saba a Birnin Kebbi. Waɗanda suka yi hira da mata a ƙauyukan Argungu da Jega, don Allah a zo da littattafan rubutu.

Za mu fi tsayawa kan jinkiri 3 masu jawo mutuwar mata wajen haihuwa, da masu bincike Thaddeus da Maine suka bayyana a 1994: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, na isa can, da na samun kulawa bayan an isa. A ganina na farkon ya fi shafar aikinmu. Mace na naƙuda, maigida ya tafi fadama, ba mai ikon cewa a tafi, kuɗin mota ma suna aljihunsa. Haka doguwar naƙuda ke zama yoyon fitsari, a ƙare a cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse, wata ma da sakinta a hannu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, amma bai faɗi wa ke riƙe da izini a gida ba. Wannan mu za mu tambayo.

Tunatarwa: kada a rubuta sunan kowa, kada a tura hoto ko muryar wata a rukunin nan. A nemi yardar mace tukuna, kuma a keɓe da ita, domin gaban uwar miji kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba.

Mai uzuri ta sanar kafin Juma'a.