Kekunan da mutum ke hawa daga ƙuruciya zuwa tsufa: a duba lamba kafin a biya kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu yi magana a kan keke. Gyaran keke ne sana'armu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa da suka yi sallama da keke sun dawo masa, kuma yawancin asarar da mai keke ke tafkawa tun ranar ciniki yake tafka ta. Fenti ake kallo da yawan giya, ba a duba lambar taya.

A da ba a buƙatar dogon bayani. Wanda ya tashi a shekarun 1970 da 1980 kusan samfuri ɗaya ya sani: Raleigh na Nottingham ta Ingila, wanda har a Kano aka riƙa haɗa shi, sai Phoenix daga Shanghai, sai Hero da Avon daga Ludhiana ta Indiya. Duk ƙarfe ne zalla, taya 28 x 1½, birkin sanda, giya ɗaya. Taya ɗaya ta shiga kowanne, mai gyara na ƙauye da na birni duk sun san cikinsa. Shi ya sa keke guda kan kai mutum daga aurensa har aurar da 'ya'yansa. Yau kuwa kasuwa cike take da na gwanjo daga Turai da Japan da Amurka, kowace ƙasa da ma'auninta, har mutum ya mallaki keke huɗu a rayuwarsa ba wanda tayarsa ta shiga ɗan'uwansa.

Na farko shi ne na yaro, kuma uba ne ke yin kuskuren: a sayi babba, ai zai girma ya tarar da shi. Kafin ya tarar da shi ya sha faɗuwa har ya tsani abin. Da girman taya ake auna keken yara: inci 12 ga ɗan shekara 2 zuwa 4, inci 16 ga ɗan 4 zuwa 6, inci 20 ga ɗan 6 zuwa 9, inci 24 daga nan zuwa wajen 12. Wannan kintace ne kawai, a je da yaron kasuwa. Ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a sami tazarar yatsa biyu ko uku tsakaninsa da sanda. Sai ya matse birki da hannunsa. In yatsunsa ba su kai ba, ko sun kai ya kasa matsewa, wannan keken ba shi da birki komai sabuntarsa. A ɗaga ƙafar keken a juya ta, a girgiza ta gefe da gefe. Wasu masu arha roba aka sa musu a madadin boris, in ta cinye ba gyara. Wajen koyo, a cire feda biyun a sauke sirdi, yaro ya riƙa tura kansa da ƙafa har ya iya daidaita jikinsa, sannan a mayar. Da sifana 15 ake kwance feda, amma a kula, zaren ta hagu a juye yake. Wanda ya murɗa ta yadda ya saba murɗa noti ƙara ɗaure ta yake yi, in ya dage ya cinye zaren.

Na biyu shi ne na samartaka, na zuwa makaranta ko wurin koyon sana'a, kuma a nan gwanjo ya fi cin mutane. A gefen kowace tayar kirki akwai lamba iri biyu. Akwai ta inci, kamar 28 x 1½, wadda kowa ke karantawa, ita ce kuma mai yaudara. Akwai wata kamar 40-635 ko 37-622. Rabin farko kaurin taya ne da milimita, na biyun faɗin da'irar rim ne a daidai inda taya ke zama, shi ne abin dogaro. Tayar 28 ta tsohon keken ƙarfe 635 ce. Yawancin kekunan Jamus da Holan su ma 28 aka rubuta musu, amma 622 ce, bambancin milimita 13. Tayar 27 x 1¼ kuwa 630 ce, wato ta fi waccan 28 ta Turai girma duk da lambarta ta fi ƙanƙanta. A 26 ma haka: ta keken hawan dutse mai kaurin taya 559 ce, ta 26 x 1⅜ da ke kan kekunan Japan masu kwando 590 ce. Inci 20 ma kashi biyu ne, 406 da 451. Taya ba tiyub ba ce, ba ta miƙewa, waya ce a bakinta. In aka tilasta mata da sukurudireba wayar ta tsinke, in kuma ta yi wa rim yawa ta fice da ƙara ana cikin bugun iska. Saboda haka kafin a biya, a kwafi lambar a takarda a leƙa wajen mai sayar da kayan keke a ji ko yana da ita. Su 635 da 559 ba sa wuyar samu, sauran a tambaya tukuna. Bawul ma iri uku ne: na gargajiya mai 'yar roba a ciki, mai kauri irin na mota, da siriri mai ɗan noti a kai. Ramin rim na siririn bai kai na sauran ba, kuma ba kowane famfo ke kama shi ba.

Daga taya sai firam. A shafa ƙarƙashin bututun biyu da ke haɗuwa da wuyan keke. In yatsa ya ji tudu, ko fenti ya tsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo ta gaba, a bar shi. A ɗaura zare daga inda ƙafar baya ke zama, a zagayo ta wuya a komo ɗaya gefen, a auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In ba su yi daidai ba firam ya karkace. A kwance notin sirdi a ga ko sandarsa na motsi, don wadda tsatsa ta riƙe takan ƙi fita ko da guduma. A tafi da ɗan maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne, mai walda zai iya ɗinke shi ranar da ya tsage, in bai kama ba alminiyom ne, waldar bakin titi ba ta yi masa. Masu sifirin a tsakiya da ake sayarwa da arha mu dai ba ma ba da shawararsu. Nauyi ne kawai, mahaɗarsu na saurin sakewa, ga ba wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya ta kirki.

Giya 18 ko 21 ba ta da amfani ga wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce irin ta Kano ko Maiduguri, sai ƙarin abin lalacewa. In keken ya faɗi ta dama, ɗan ƙarfen da ke riƙe da abin canjin giya ya lanƙwashe ciki, ranar da aka kai sarƙa kan babban faifan haƙora na baya sai ya faɗa cikin sifok ya karya su. A tsaya ta baya a duba: 'yan ƙananan tayoyinsa biyu su kasance a miƙe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. In ya mutu kuma ba a sami irinsa ba, a rage tsawon sarƙa a mai da keken giya ɗaya, ya ci gaba da aiki. Sarƙa kanta kauri biyu ce, inci 1/8 ta giya ɗaya, 3/32 ta mai giya, kuma mai kaurin ba ta shiga tsakanin haƙoran mai giya.

Na uku shi ne keken neman abinci, na gona da kasuwa da ɗaukar kaya, shi ya fi daɗewa a hannun mutum. A nan har gobe tsohon samfurin ƙarfe ne gaba. Kariyar yawancin kekunan Turai kilo 25 aka buga mata a jiki, nauyin jarkar ruwa ɗaya mai lita 25 ke nan. Wanda ya ɗora mata buhun masara kada ya zargi mai gyara. Tsohon Raleigh sifok 40 gare shi a baya, 32 a gaba, saboda baya ke ɗaukar nauyi. Yawancin na yanzu 32 ne ko 36. Sifok ɗaya in ya tsinke a sauya shi a ranar, don nauyinsa na komawa kan maƙwabtansa su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wajen daidaita rim, kwatar juyi ake yi wa kowane kan sifok, a juya ƙafar a duba, a sake. Mai gaggawa ya kan gyara karkata ya haifar da tudu, kuma birkin sanda ba ya kama rim mai tudu sai da fizga.

Boris shi ne abin da aka fi sakaci da shi, ga shi shi ne mafi arha. A yawancin kekuna hob (cibiyar ƙafa) na gaba ƙwaya 10 ne kowane gefe masu inci 3/16, na baya 9 masu inci 1/4, na tsakiya inda feda ke juyawa 11 masu inci 1/4. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a buɗe a wanke da kalanzir, a duba kon, wato inda ƙwayoyin ke birgima, ko ya yi ramuka, a zuba sabbin ƙwayoyi duka da giris. Kada a gauraya tsoho da sabo, sabbin sun fi girma su kaɗai za su ɗauki nauyin. A ɗaure yadda ƙafar za ta juya ba ƙara, ba kuma girgiza. Mai tsohon Raleigh na Ingila ya san cewa zaren tsakiyarsa da na wuyansa 26 ne a inci, na yawancin kekuna kuwa 24. Kofin boris na wani keke zai shiga juyi biyu ya tsaya, in aka matsa masa firam ɗin ne zai tafi. Kotafin kuma, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, da guduma ake zaunar da shi, a tokare ƙasan da ƙarfe, noti riƙewa kawai yake yi. Wanda ya ja shi da noti zai tsinke zaren. Na hagu da na dama su kalli sashe daban, in ba haka ba feda biyun ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Sarƙa a wanke ta da kalanzir, a ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, man gyaɗa kuma daskarewa yake yi ya zama danƙo. Da hunturu a rage mai, don ƙura na manne masa ta riƙa cin haƙora. A sa ma'auni: daga fil zuwa fil na 24 a gabansa inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa. In ya ƙaru da 1/16 a sauya ta. In ya kai 1/8 ta riga ta ci firiwil, wato haƙoran baya, sai a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle. A keke mai giya ɗaya a bar mata sassauci kamar rabin inci.

Faci kuwa kowa na ganin ya iya. A goge wurin da samfefa, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti 5 ya bushe, sannan a manna a danne. Mannawa da ɗanyen sholisho shi ke sa faci ya tashi da zafin rana. Kafin a mayar da tiyub a zagaya cikin taya da yatsa a hankali, don ƙayar aduwa ko tsidau takan karye ta zauna a ciki. Huda biyu gefe da gefe alamar ƙarancin iska ce, rim ne ya cije tiyub a rami. Huda ta ɓangaren ciki kuma kan sifok ne, robar da ke rufe su ta goce ko ta ruɓe. Robar birki in ana sauya ta, rufaffen gefen gidanta ya kasance ta inda rim ke nufa, in aka juya shi robar za ta zare a birkin farko mai ƙarfi.

Na ƙarshe shi ne na dattijo, kuma a nan girman kai ke shiga. Mutum ya haura 60, gwiwa ta fara ciwo, ga babbar riga, amma ya ƙi mara sanda wai na mata ne. A Holan da Japan maza da mata duk suna hawansa. Ba sai an ɗaga ƙafa ta bayan sirdi ba, in aka tsaya ƙafa na sauka nan take, yawancinsu kuma sarƙarsu a rufe take, ba ta cin bakin wando. Wanda giyarsa uku ke cikin hob, Sturmey-Archer ko Shimano, ya fi dacewa da ƙurarmu saboda komai a rufe yake, sai dai a sassauta taka feda lokacin canji, kuma a tabbatar giya ukun duk suna shiga kafin a biya, don kayan cikinsa ba a ko'ina ake samu ba. Tsayin sirdi a auna shi haka: a zauna, a sa dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke ƙara wa gwiwa ciwo. Kada kuma a zaro sandarsa ta wuce layin da aka zana mata. Mai fita Asuba ko dawowa bayan Isha'i ya sa farar fitila a gaba, ja a baya, ya tuna cewa rim na ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kama shi da wuri, sai a fara matsawa tun da nisa.

Muna godiya da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran keke,
Kano.